In an kama naka a Kaduna: daga bayan kanta zuwa gaban alƙali

Ni ba lauya ba ne. Makanikin keke Napep ne ni a Tudun Wada, kuma tun da aka ɗora mini riƙon littafin ƙungiyarmu, duk yaron garejin da aka kama ni ake bugo wa waya, wani lokaci ma uwarsa ce za ta iso bakin gareji da mayafi a hannu. Abin da zan rubuta a nan daga wannan zirga-zirgar na koyo shi, da kuma yawan tambayar lauyoyin da ba sa rowar bayani.

A takarda dokar ɗaya ce ga kowa. Inda ake rabuwa shi ne mai kuɗi yana da wanda zai bi masa takardarsa daga tebur zuwa tebur, talaka kuwa ana rufe shi sai danginsa su koma gida su yi ta addu'a suna jiran a kira su. Ba wanda zai kira ku. A garejinmu ma keken da mai shi ba ya leƙowa shi ke komawa ƙarshen layi har ƙura ta rufe shi, to haka fayil yake. Kusan biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, zaman jiran shari'a suke yi. Ka je bakin gidan yarin da ke Independence Way ranar ziyara ka dubi masu layi da kwanukan abinci, za ka gane ko 'ya'yan su wane ne a ciki.

Ranar da aka kama shi

Kafin komai, sayi littafin rubutu ɗan shafi arba'in da biro. Rubuta ranar da aka kama shi, da ƙarfe nawa, da wurin, da waɗanda suka gani da idonsu. Sannan ka gano wa ya kama shi: 'yan sandan caji ofis na unguwa ne, ko na sashen binciken manyan laifuka, ko 'yan sintiri, ko hukumar NDLEA. Kowanne ƙofarsa daban, kuma mutane kan ɓata yini guda suna neman yaro inda ba shi. Ka tafi da cikakken sunansa na yanka da laƙabinsa duka, don sau da yawa sunan da yaro ya bayar a firgice shi ake rubutawa a allon da ke bayan kanta, kai kuma kana can kana kiran sunan da ke kan katinsa na ɗan ƙasa, a ce maka ba su da mai wannan suna.

Kada ka tafi kai kaɗai, kada kuma ku tafi da gayya. Mutum biyu sun isa: kai da wani dattijo mai sanyin baki, in mai unguwa zai yarda ya taka ya fi. Matasan gida masu zafin kai a bar su a gida. Ka yi sallama, ka ce, "Yallaɓai, ɗan'uwana aka kawo jiya da dare, ina so in san laifin da ake tuhumarsa da shi da kuma jami'in da ke riƙe da maganar." Wannan jami'in shi ake kira IPO. Rubuta sunansa da lambar wayarsa a gabansa. Na lura idan ɗan sanda ya ga kana rubutu, muryarsa kan sauya.

Ga abin da doka ta ce, kuma ya kamata ka haddace shi kamar lambar wayarka. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kamunsa a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. A cikin garin Kaduna ba caji ofis ɗin da zai ce kotu ta yi masa nisa. Laifin da hukuncinsa kisa ne kaɗai aka keɓe daga wannan ƙa'idar. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama wani a madadin wani, wato a riƙe uwa ko mata ko ƙane don wanda ake nema ya fito. Ta kuma hana kama mutum saboda bashi ko saɓa alkawarin ciniki. Wannan na biyun shi aka fi takawa a kasuwanninmu: mai kuɗi ya ba tela ɗinki bai gama ba, ko makaniki ya riƙe mota, sai a juya maganar ta koma "cin amana da zamba" a rufe mutum. In ka ga haka, ka nemi ganin DPO, wato shugaban caji ofis ɗin, ka gaya masa cikin ladabi cewa wannan maganar bashi ce, kuna shirye ku je kotu a kanta.

Sanin dokar ba lasisin ɗaga murya ba ne a bakin kanta. Naka yana hannunsu, kai za ka koma gida ka kwana a kan katifa. Ka faɗi abin da ka sani sau ɗaya, a hankali, sannan ka rubuta amsar da aka ba ka.

Abinci kai za ka kai. Za a ce ka ɗanɗana a gabansu kafin a shigar, ka ɗanɗana, ba wulaƙanci ba ne. Ka tambayi abin da aka karɓa a jikinsa, waya da kuɗi da makullin keke da bel, ka tabbatar an rubuta su. In yana shan magani kullum, irin na asma ko farfaɗiya ko ciwon suga, ka gaya wa IPO da mai kanta duka, ka kuma rubuta lokacin da ka gaya musu.

Sitatimen

A nan ne mafi yawan yaranmu ke faɗuwa tun ba su ga alƙali ba. Ana rubuta bayanin da Turanci, yaron da ya tsaya a aji uku na firamare ba zai iya karantawa ba, sai a miƙo masa biro ko a dangwala masa yatsa a tawada. Bayan wata shida a kotu a karanto masa cewa shi da bakinsa ya ce ya ɗauki wayar.

In ka samu ganinsa ko na minti biyu ne, abin da za ka gaya masa ke nan: yana da 'yancin ya yi shiru har sai ya ga lauya ko wani da ya zaɓa, wannan ma a sashe na 35 yake. Kada ya sa hannu a takardar da ba a karanta masa da Hausa ba, kada kuma ya sa hannu a farar takarda. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda jihar Kaduna ta yi irin tata a 2017, ta tanadi a ɗauki bayani a gaban lauya ko jami'in hukumar ba da agajin lauya ko wani da wanda aka kama ya aminta da shi. Ɗan babban mutum ba ya buɗe baki sai lauyansa ya zauna a gefensa, kuma ba wanda ke ce masa ya yi taurin kai.

In an dake shi, ka dubi jikinsa da kyau ka rubuta abin da ka gani da ranar. Da ya fito, kafin a kai shi gida a gasa masa jiki da ruwan zafi, a wuce da shi asibitin gwamnati a karɓi takardar likita. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya azabtar da mutum, kuma ikirarin da aka samu ta hanyar duka kotu ba ta karɓarsa in an tabbatar. Amma sai an faɗa a daidai lokacin da mai gabatar da ƙara ya miƙa takardar, ba bayan an wuce wurin ba.

Beli

A bangon kusan kowane caji ofis an rubuta beli kyauta ne, kuma a doka haka ne. Duk mun san kuma abin da ake kira kuɗin biro da kuɗin takarda da kuɗin mai. Ba zan ce maka ban taɓa ganin uwa ta kwance bakin zani ba. Abin da nake gaya wa mutanenmu shi ne kada ku fara tayi da bakinku, kada kuma ku ba ɗan kamashon da ke zaune a benci a waje yana cewa ya san oga. Ka nemi takardar belin ka cika, in aka ambaci kuɗi ka tambaya ko za a ba da rasit. In an ƙi ba da beli a kan ƙaramin laifi kuma an ƙi kai shi kotu, akwai ƙofofi: kwamandan yanki da ke sama da DPO, da sashen karɓar ƙorafi na rundunar da ake kira CRU wanda aka kafa a 2015, da ofishin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa da ke nan Kaduna. Ka kai ƙorafinka a rubuce, ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimi a naka.

Mace tana iya tsaya wa mutum beli. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta faɗi haka ƙarara, sashe na 42 na tsarin mulki kuma ya hana wariya saboda jinsi. Na sha ganin an ce wa uwa ta je ta nemo namiji, ita kuwa ita ce mai gidan da mai sana'ar, mijin ya rasu ko ya yi nisan kiwo.

Kai kuma da za ka tsaya wa mutum, ka san abin da kake sa wa hannu. Alkawari ne cewa za ka kawo shi duk ranar da aka neme shi. In ya gudu, kuɗin da aka rubuta a takardar kai za a bi, in ka kasa biya kai za a iya rufewa. Ni ba na tsaya wa yaron da ban san ƙofar gidansu da mahaifinsa ba, ko da za a ce na yi rashin kirki.

A kotu

Yawancin ƙananan laifuka kotun majistare ake kai su, irin waɗanda ke Ibrahim Taiwo Road da Daura Road, ko kotun shari'ar Musulunci kamar ta Magajin Gari. Ka riga motar 'yan sanda isa. Ka tambayi IPO tun da dare wace kotu za a kai shi, don an sha gurfanar da mutum a aika shi gidan yari danginsa suna zaune a harabar wata kotun daban. Ka tafi da masu tsaya masa biyu, kowa da katin shaida da hotuna ƙanana da takardar wutar lantarki ko rasit na haya mai nuna adireshi.

Za a karanta masa takardar da ake kira FIR, wato rahoton farko na 'yan sanda, a tambaye shi ko gaskiya ne. Wannan tambayar ita ce duk shari'ar ga wanda ba shi da lauya. A hanya wani zai raɗa masa, "Ka amsa kawai, tara za a yi maka ka tafi gida." Yana cewa "haka ne" an gama, a take za a yanke hukunci, ba shaida ba komai, kuma sunansa ya shiga cikin waɗanda aka taɓa ɗaurewa. In bai yi ba, ya ce bai yi ba. In bai gane abin da aka karanta ba, ya ce, "Ya mai shari'a, ban ji Turanci ba." Sashe na 36 ya ba shi tafinta kyauta, ya kuma ce shi marar laifi ne har sai an tabbatar. Ko ba lauya, shi da kansa yana iya roƙon beli da bakinsa, kuma alƙalai da yawa suna bayarwa in laifin ƙarami ne.

Sharuɗɗan belin ne kan zama katanga. In aka ce a kawo ma'aikacin gwamnati mai matakin albashi na 12 ko mai takardar mallakar fili a cikin gari, ɗan kwamishina zai cika kafin azahar, ɗan mai sayar da ƙosai a Rigasa kuwa an ba shi beli a baki, a aikace an hana shi. Kada ku zauna kuna cewa ba mu da kowa. Doka ta ce kada sharuɗɗan beli su yi tsanani fiye da kima, kuma ana iya komawa gaban alƙalin ko babbar kotu da ke Bida Road a roƙi a sassauta. Mutane da yawa ba su san wannan ƙofar ba, suna can ciki wata da watanni da beli a hannu.

In laifin na tsakanin mutum biyu ne, kamar faɗa ko ƙaramar sata ko ɓarnar kaya, sulhu hanya ce da doka ta yarda da ita a laifuka da dama. Dattawa su zauna, a biya abin da za a biya, amma a rubuta, a kuma zo gaban alƙali mai ƙara ya faɗa da bakinsa cewa ya janye. Sulhun da aka yi a zaure ba a kawo kotu ba bai rufe fayil ba.

Ajiya

Wannan ne ramin da ya fi zurfi. Idan tuhumar babba ce, kisa ko fashi da makami ko garkuwa da mutane, majistare ba shi da hurumin sauraronta, ba shi da ikon ba da beli. Sai ya ce a ajiye mutum a gidan yari har a samu shawarar ma'aikatar shari'a. Kafin shawarar ta fito sai 'yan sanda sun kwafi fayil sun aika wa daraktan gabatar da ƙararraki, lauyan gwamnati ya karanta ya ce akwai hujja ko babu. A tsakanin tebur ɗin IPO da tebur ɗin ma'aikatar ne mutane ke ɓacewa. A canza wa IPO wurin aiki, ko a ce ba kuɗin hoton takardu, shi ke nan. Kuma a kamen kan mai uwa da wabi da ake yi bayan rikici a unguwa, kalma ɗaya da aka ƙara a FIR ta isa ta mayar da faɗan matasa fashi da makami.

Abin yi: je wurin rijistaran kotun ka karɓi lambar shari'ar da ranar da aka ce a dawo. Umarnin ajiya yana da wa'adi, a dokar tarayya kwana 14 ne karon farko, in za a ƙara sai an dawo an ba da dalili. Koma wurin IPO ka tambayi ranar da aka aika fayil da lambar wasiƙar da ta raka shi. Da wannan lambar za ka je ma'aikatar shari'a ta jiha ka tambaya ko ya iso da kuma lauyan da aka ba. In bai iso ba, ka san inda ya maƙale. Ka riƙa komawa duk mako biyu har masinja ya san fuskarka. Aiki ne mai cin takalmi da kuɗin mota, shi ya sa nake cewa dangi su raba shi a tsakaninsu, amma littafin ya zama ɗaya.

A wannan matakin dole sai da lauya. Hukumar ba da agajin lauya ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1976, tana da ofis a Kaduna, kuma an yi ta ne don wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba. Lauyoyinta kaɗan ne, aikin ya fi ƙarfinsu, don haka wanda ya zo da lambar shari'a da kwanan wata a rubuce shi ake saurin kamawa. Ƙungiyar lauyoyi ta NBA tana da masu yin shari'a kyauta, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA kuma tana karɓar maganar mata da yara. In ɗan ƙaramin kuɗi ya samu ka ɗauki lauya da kanka, ku yi magana a kan abin da kuɗin ya ƙunsa tun farko, ka karɓi rasit.

Babban jojin jiha yana kai ziyara gidajen yari, yana da ikon sallamar wanda ya daɗe a tsare fiye da hukuncin da za a yanke masa da an same shi da laifi. Kafin ziyarar ana haɗa sunaye. Je wurin jami'in jin daɗin fursunoni a gidan yarin ka tambaya ko sunan naka yana ciki.

In yaro ne da bai kai 18 ba, ka nemo takardar haihuwa ko ta makaranta tun ranar farko. Ana yawan ƙara wa yara shekaru a takarda don a huta da wahalar kotun yara, sai ka ga ɗan shekara 15 a ɗaki ɗaya da manya, alhali nan Kaduna akwai gidan horon yara na gwamnatin tarayya, ɗaya daga cikin uku da take da su tare da na Ilorin da Abeokuta.

Bayan hukunci

In an yanke ɗauri da zaɓin tara, a biya a asusun kotu a karɓi rasit, a kai takardar sallama gidan yari a ranar. A Nuwamban 2023 ministan harkokin cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 da ke zaune saboda sun kasa biyan tara ko diyya, kuɗinsu gaba ɗaya naira miliyan 585. Ka raba ka gani, kowane mutum bai kai dubu 150 ba. A 2013 kuwa wata kotu a Abuja ta ba John Yakubu Yusuf, wanda ya amsa laifi a badaƙalar biliyoyin kuɗin fanshon 'yan sanda, zaɓin tarar naira 750,000, ya biya ya tafi gida, sai a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da hukuncin ɗaurin shekara shida. Tun da na ji labarin tarar nan muka buɗe asusu a ƙungiya, kowa yana zuba ɗan abin da ya samu duk Juma'a, ba a taɓa shi sai don tara da kuɗin motar bin fayil.

Kafin alƙali ya yanke, a roƙe shi ya lissafa zaman da mutum ya riga ya yi a tsare cikin hukuncin. A ƙananan laifuka kuma a roƙi aikin al'umma a maimakon ɗauri, dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta kafa sashe guda don irin wannan hukunci. In za a ɗaukaka ƙara, wa'adinta gajere ne, kada a bari wata ya cika.

In kuwa an sallame shi, ko an kori ƙarar saboda mai ƙara ya daina zuwa, kada murna ta sa ku fice haka nan. Koma wurin rijistara ka nemi kwafin umarnin mai hatimin kotu, ka yi hotonsa biyu, ɗaya a gida ɗaya a wurin wanda ya tsaya masa beli. Da wannan takardar za ka koma caji ofis ka karɓo wayarsa da kekensa, da ita kuma za ka nuna in wani ya sake zuwa kama shi a kan maganar da aka riga aka rufe.